Baitin da Bai Shiga Kaset Ba

"Wai da gaske su biyun za su hau dandamali su yi waƙa?"

"An riga an buga a takardar biki, da idona na gani. Bayan an yanka kek, sai waƙar iyayen amarya."

"Waƙar yabo dai ko?"

"Ina! Ta Turawan nan masu manyan huluna, wadda yake kunna mana duk ranar da ya rage mana hanya."

"Ta mai babbar motar? Yesu ya taimake mu. To kowa ya ci ya ƙoshi tukuna, don sai ya fassara ta kafin ya rera, fassarar kuwa ta ninka waƙar tsawo."

"Ke, rage murya. Ga shi can yana tara kujeru."

Duk Manasseh Davou ya ji. Tagar kicin ɗin cocinsu na Handsworth ba ta rufuwa sosai, matan zumunta kuma ba su iya raɗa ba. Ko kaɗan bai ji haushi ba. Ya ɗora kujerar da ke hannunsa a kan 'yan'uwanta, ya cusa kai ta tagar, bakinsa har kunne.

"Ku yi ta gulmarku," in ji shi. "Ranar Asabar mai zuwa, ku ne za ku ce a maimaita."

Suka kwashe da dariya, ɗaya ta kore shi da ludayi.

Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ɗan shekara hamsin da takwas. Shekara goma sha shida ke nan yana tuƙa bas tsakanin Handsworth da tsakiyar Birmingham, amma ba mai kiransa direba a cikin 'yan gida. Tafinta ake ce masa, sunan kuma tun daga Jos ya biyo shi. A Bukuru aka haife shi, ubansa mahaƙin kuza ne. Ya bar makaranta a aji uku na sakandare, ya koyi tuƙi, ya samu aikin jan motar wani asibitin mishan. Turancinsa bai kai na malamai ba, amma yana da kunne, yana da baki. Ran Lahadi da yamma, in gidan rediyo ya sako waƙoƙin kantiri, na Turawan ƙauyen Amurka, samari sukan taru a teburin wani mai shayi kusa da kasuwar Terminus ta Jos, su ce, "Manasseh, me yake cewa?" Sai ya miƙe tsaye. Layi ɗaya na Turanci yakan zama labarin minti biyar. Ya gaya musu sunan garin da mawaƙin bai faɗa ba, ya gaya musu launin rigar matar, har da abin da uwarta ta ce.

A cikin shekarar 1990 ya sayi wani kaset a shagon Sunusi, mai ɗaukar waƙoƙi daga faifai yana zubawa a kaset. Babu sunan mawaƙi ko ɗaya a jiki, Sunusi ya rubuta "Kantiri na 4" da jan biro, shi ke nan. Waƙar ƙarshe a fuskar farko ita ta kama shi. Murya biyu ce, namiji da mace, ga ganga mai nauyi, ga jitar lantarki tana kuka a bayansu. Namijin ya fara: shi direban babbar mota ne, shekara bakwai rabonsa da gida, ga shi tsaye a bakin gada, inji yana aiki, yana hango hayaƙin gidanta a ƙetaren kogi. Macen ta karɓa: ta sayar da dokinsa tuntuni, amma sirdin yana nan rataye, ƙofar shinge kuma ba ta taɓa sa mata sakata ba. Daga nan sai jita ta ɗauka, ta yi sama, ta yi sama, sannan sautin ya riƙa raguwa a hankali har ya ɓace.

"Kun ji? Kun ji?" haka Manasseh yake ihu duk lokacin da aka zo wurin. "Ya saka giya! Ga shi a kan gada! Ya ƙetare, jama'a, ya isa gida!"

Da wannan waƙar ya nemi auren Celestina. Tana aikin jinya a asibitin, shi yake kai su gida bayan an tashi. Wata rana da sauran suka sauka, ya kunna mata, ya fassara tun daga bakin asibiti har Tudun Wada. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Kai ka ga ya ƙetare?" Ya ce, "Ba ki ji jita ba?" Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta sauka. Washegari ta zauna a gaban mota.

Da ya zo Ingila a 2002, shi kaɗai ya zo. Ya bar ta da 'yarsu Bethany, ya yi shekara huɗu yana wankin motocin da daga baya ya zo yana tuƙawa, kafin takardunsu su fito su biyo shi. Kaset ɗin yana cikin aljihun kwat ɗin da ya sauka da shi. Sau biyu zaren yana tsinkewa, sau biyu yana liƙe shi da jan farce. Ya kwafe shi a wasu kaset uku don kada ya rasa, ya sayi tsohuwar rikoda a kasuwar 'yan gwanjo, har motar da yake hawa sai da ya nemo mai ramin kaset. Bethany ta sha cewa a bari ta nemo masa waƙar a waya. Yakan ce waƙar waya ba ta da jiki.

To yanzu Bethany za ta yi aure a Salford, kusa da Manchester, ita da kanta kuma ta roƙa. Ta ce tun tana yarinya take jin iyayenta suna rera waƙar nan a kicin, Baba ya yi namijin, Mama ta yi macen, tana so su rera mata a gaban jama'a. Tun ranar da ta faɗa, Manasseh bai sake zama wuri ɗaya ba. Ya sayi hula mai faɗin baki. Ya tsara fassarar da zai yi wa dangin da za su zo daga Jos da Kafanchan, yana gwadawa a gaban madubi.

A ranar Lahadin nan, bayan an tashi daga coci, angon ya zo gidan da jitarsa. Asher sunansa, iyayensa 'yan Kafanchan ne, amma a Manchester aka haife shi, Hausarsa tana ɗingishi. Aikin haɗa sauti yake yi a wani ɗakin ɗaukar murya a bakin ruwan Salford, shi zai kaɗa musu ranar biki.

"Baba, kaset ɗin yana da ƙara da yawa," in ji shi bayan an kunna sau biyu. "Ba na jin bass ɗin, sautin nan mai kauri. Bari waya ta saurara, ta samo mana mai kyau."

"Ba za ta gane ta ba. Wannan waƙar ta girmi wayarka."

Asher ya kara wayar a bakin rikoda. Ko numfashi uku ba a yi ba, sai ga hoton wasu Turawa biyu, mace da namiji, sun jingina da shinge. Manasseh ya ɗauko tabarau, ya kalle su da kyau.

"Ashe haka kuke! Maman Bethany, zo ki ga mutanenmu. Ni na ɗauka yana da gemu."

Celestina ta fito daga kicin tana goge hannu. Bethany ta zauna a hannun kujera. Asher ya haɗa wayar da lasifika, waƙar ta cika falo, tas, kamar mawaƙan suna tsaye bayan labule. Manasseh ya miƙe yana bi, hannu ɗaya a kan sitiyarin da babu. Namiji ya gama, mace ta gama, jita ta ɗauka.

"Ga shi nan! Ya saka giya! Ya hau gada! Ya..."

Jitar ba ta ragu ba. Ta ci gaba, ta zagayo, ta sauko. Ganga ta yi shiru. Sai muryoyin biyu suka shigo tare, abin da bai taɓa ji ba a duniya.

Hannunsa ya tsaya a sama. Baiti ne guda cur. Gari ya waye, in ji su. Kofuna biyu wankakku a kife a kan tebur. Murhu ya mutu, babu hayaƙi. Makulli yana kan dutsen bakin ƙofa, ƙofar shinge a buɗe, babu mota a tsakar gida. Suka maimaita layin ƙarshe sau biyu, waƙar ta tsaya cak.

"Wa ya ƙara wannan?" in ji Manasseh.

"Ba wanda ya ƙara, Baba. Original ɗin ke nan."

"Sake sawa."

Aka sake. Aka kuma sakewa. A karo na huɗu Bethany ta zame daga hannun kujera tana dariya har hawaye. "Shekara talatin da huɗu, Baba! Ashe rabin waƙa kake fassara mana!"

"Kashi biyu cikin uku," in ji shi. "Ki riƙa faɗin gaskiya."

Celestina ba ta yi dariya ba. Ta ce shinkafarta za ta kama, ta koma kicin.

Ko hula bai ɗauka ba, ya ja mota sai unguwar Aston, gidan Alhaji Rabe. Injiniya ne, abokinsa tun daga teburin mai shayi, kuma yana saurayi ya sha zama a shagon Sunusi. Manasseh ya same shi ya idar da sallar la'asar ke nan, ya ajiye masa waya a kan darduma.

"Saurari wannan, Alhaji. An yi mini sata."

Rabe ya saurara. Da aka wuce jita aka shiga sabon baitin, sai ya kifa kai a kan gwiwa, kafaɗunsa suna rawa.

"Wayyo Sunusi! Allah ya jiƙansa. Tafinta, ba ka san aikinsa ba ne? Ai shi ba ya barin zare ya tafi a banza, don kada mai saye ya ce an ba shi kaset da sauran wuri. Sai ya cika shi maƙil. In ya ga zaren ya kusa ƙarewa, waƙa kuma ba ta ƙare ba, sai ya sa ido a 'yar tagar nan ta kaset, ya kama maɓallin murya, ya riƙa murzawa a hankali, a hankali, har shiru. Kowa ya ɗauka haka mawaƙan suka gama. Ni da kaina na murza masa ya fi sau ɗari."

"Kai ka murza nawa?"

"Wa ya sani? Mai yiwuwa."

"Rabe! Da wannan fa na yi aure!"

"To ai ka gode mini ke nan."

Matar Rabe ta aiko da shayi da cincin. Suka sake jin baitin, Rabe ya gyara zama irin na mai duba zanen gini.

"Bai zo ba," in ji shi. "An ce babu mota a tsakar gida. Da ya zo, da sun ambaci sawun taya. Babbar mota ce fa, ba keke ba."

"To kofi na biyun na wa?"

"Ta haɗa masa shayi, ya huce, ta zubar, ta wanke."

"Ƙarya ne! To me ya sa suke rerawa tare? Mutumin da bai zo ba, ina ya san kofuna a kife suke?"

Rabe ya ajiye kofinsa. "Wannan kam tambaya ce."

Manasseh ya yi tsalle ya miƙe, har shayi ya fantsala. Tsoro da daɗi suka haɗe masa. Rabonsa da samun sabon layin da zai fassara a waƙar nan tun yana da gashi. Amma a kan hanyar komawa gida, tsoron ya yi rinjaye. In waƙar rabuwa ce fa? Ya tsaya gaban surukai, gaban fasto, gaban yayarsa da za ta taso tun daga Bukuru, ya rera wa 'yarsa waƙar gidan da ya mutu, ranar aurenta? An buga takarda. Saura kwana shida.

Kwana uku ya yi yana yawo da baitin kamar mai tallar magani. A ɗakin cin abinci na gareji, lokacin hutun rana, ya kunna wa direbobi. Wani dattijo ɗan asalin Jamaika ya ce mutumin ya zo, sun sha shayi, ta gaya masa gaskiya, ya juya. Wata direba 'yar Birmingham ta ce matar ta gaji ne, ta tafi wurin 'yar'uwarta, kuma ta yi daidai. Wani Bapanjabe, mutumin Indiya, ya ce sun tafi tare a motar, ina wahalar ganewa a nan? Manasseh ya rungume shi, ya saya masa shayi. Sai mutumin ya ƙara da cewa, ko kuma duk biyun sun mutu, fatalwowinsu ne suke waƙar. Manasseh ya janye kofin.

A fitilar kan hanya, yana jiran kore, bakinsa yana motsi. Wata tsohuwa da ta saba hawa motarsa ta tambaye shi ko addu'a yake yi. Ya ce kusan haka.

Ran Laraba da yamma ya yanke shawara. Ya samu Celestina tana guge ɗankwalin biki, ta dawo daga gidan kula da tsofaffi inda take aiki.

"Na samo mafita," in ji shi. "Asher zai yi mana irin na Sunusi. In an zo jita, ya murza a hankali. Kowa ya tafa, a wuce wurin. Wa ya san akwai saura?"

"Ni na sani."

"Ke ai ta gida ce."

"Bethany ta sani. Mijinta ya sani." Ta juya ɗankwalin. "Baban Bethany, in za a rera, a rera duka. In ba haka ba, ka hau kai kaɗai da hularka."

"Haba, Maman Bethany! Murhu a mace, ranar aure? Me zan ce wa mutane?"

"Kai ne Tafinta."

"To ke me kika gane a ciki? Kowa na tambaya ya faɗi nasa."

Ta ɗago ta dube shi. "Kowa ka tambaya," in ji ta, ta ci gaba da guga.

Washegari suka hau jirgin ƙasa zuwa Manchester, don Asher ya ce a zo a gwada a zauren bikin da rana. Manasseh ya ɗora hular a kan cinya. Ya lissafa mata ra'ayoyin da ya tara, ɗaya bayan ɗaya, yana karya kowanne. Tana kallon taga. Sai da suka wuce Stafford, gonaki suka buɗe, sannan maganarta ta jiya ta faɗo masa. Ya juyo wajenta.

"Ban tambaye ki ba," in ji shi.

"Ba ka tambaye ni ba."

"To ga shi ina tambaya. Ya zo, ko bai zo ba?"

"Ku duka mota kuke nema. Kai, da Alhaji, da direbobinku. Ni ban san inda motar take ba. Abin da na sani, matar ta fita. Mace ba ta kashe murhu ta ajiye makulli a waje in da yamma za ta dawo."

"To kofi na biyun? Dole nasa ne."

"Wa ya ce?" Ta gyara jakarta a kan cinya. "Ranar da za mu taso daga Tudun Wada, Maman Inaya ta maƙwabta ta shigo da sassafe. Na riga na rabar da komai, kujeru, gado, tukwane. Kofi biyu suka rage. Muka zauna a kan akwati muka sha shayi. Da ta fita na wanke su, na kife a kan taga. Har yau ban san dalili ba, ba wanda zai sake sha da su. Na zuba wa gawayi ruwa. Na miƙa wa mai gida makulli. Ƙofar waje kuwa a buɗe na bar ta, don hannu ɗaya jaka, hannu ɗaya Bethany."

"Kina ta murna za ki zo wurina."

"Murna?" Ta yi 'yar dariya. "Shekara huɗu ban gan ka ba. Murya kawai, a wayar kanti, minti biyar, kai ne kuma kake cinye huɗu. Ban san wanda zan tarar ba. Wata ta ce mini mazan da suka tafi can duk sun yi wasu matan. Daga Jos har Akwanga, sau uku ina buɗe baki in ce wa direba ya tsaya in sauka. Kawuna yana da ɗaki a Lafiya, na riga na tsara yadda zan yi."

Manasseh ya ji kamar jirgin ya ci burki. "Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Yaushe? Tun daga filin jirgi har gida kana yi mini bayanin shataletale."

Ya tuna. Har da yadda ake danna maɓallin tsallaka titi ya koya mata a ranar, da sunayen unguwanni, da inda ake sayar da doya. Ya murza bakin hular a hannunsa.

"To me ya hana ki sauka?"

"Ban sani ba. Bethany ta yi barci a jikina, na ce bari ta farka tukuna. Da ta farka mun wuce." Ta juyo ta dube shi sosai. "Ran Lahadi da na ji baitin nan, sai da na dafa bango a kicin. Shekara nawa ina rera maka na ajiye sirdi, na bar ƙofa ba sakata, kamar abin da mace ta iya ke nan, jira. Ashe sun san sauran. Sun san akwai safiyar da za ki kashe wuta ki fita, ba ki gama sanin inda za ki ba."

"Ta bi shi ke nan?"

"Wataƙila. Ita ma lokacin da take wanke kofunan ba ta gama yankewa ba. Jibi 'yarka za ta fita daga gidanmu. Kana tsammanin ba ta jin komai sai daɗi? Shekaranjiya ta kira ni tana kuka, wai ta kwashe kayan ɗakinta ta ga bangon fayau. Tana son yaron, ba nan matsalar take ba. Ni baitin nan nake so ta ji daga bakina. Na farkon naka ne, na biyun na jira ne. Wannan ne nawa."

Manasseh ya buɗe baki, fassara ta taso masa har maƙogwaro, kyakkyawa, mai rassa. Ya haɗiye ta. Sai kuma ya buga cinya har hular ta faɗi ƙasa, wani Bature da ke gefe ya ɗago daga jarida.

"Shi ya sa suke rerawa tare! Shi yana bakin gada bai sani ba, ita tana bakin ƙofa ba ta sani ba!"

"Ka fara ko?"

"Na yi shiru. Wallahi na yi shiru. Amma kin ga..."

"Baban Bethany."

"Na yi shiru."

Daga tasha suka hau tram, ƙaramin jirgin cikin gari, zuwa Salford. Zauren yana kusa da ruwa, ma'aikata suna ta jera tebura, ana hura balan-balan. Bethany ta taryo su da takarda a hannu, gashinta a ɗaure da tsumma, idonta ya nuna ba ta huta ba.

"Baba, mai gabatarwa yana jira. In cire waƙar ne, ko a bar ta? Asher ya ce kana so a yanke."

"Wa zai yanke? A bar ta. Dukanta."

Ta dubi uwarta. Celestina ta ɗaga kafaɗa, tana cire kwat.

Asher ya kafa musu makirufo ɗaya ɗaya a kan sanda, ya zauna a bakin dandamali da jita. Manasseh ya kafa hula, ya ja baitinsa da murya mai kauri, har masu jera tebura suka dakata. Celestina ta karɓa, siririyar muryarta ta zumuntar mata ta ratsa zauren. Jita ta ɗauka. Ihun da ya saba yi ya zo masa baki, ya danne shi da ƙyar. Da aka zo sabon baitin, ya faɗa ciki da dukan ƙarfinsa, tun lokaci bai yi ba, ya bi ta kan muryarta kamar bas ya bi ta kan kwali. Lasifika ta yi ƙara. Wata mai hura balan-balan ta toshe kunne.

"Baba, ka yi sauri," in ji Asher. "Kuma Mama ba ta fita sam."

"A sake."

Aka sake. Wannan karon ya makara, ya rasa inda zai sa ƙafa, ya kama layi na biyu ita tana na uku. Baitocin da ya sani suna cikin jininsa, wannan kuwa baƙo ne, kwanansa huɗu. Bethany ta rufe fuska da takardar, ba a san ko dariya take ko kuka ba. Celestina ta ja baya daga makirufo tana jiransa.

Manasseh ya cire hular, ya share zufa. Ya ja baya taki ɗaya daga inda yake tsaye, ya rage tsawon sandar makirufonta da hannunsa, ya turo sandar tsakiya. Ya manta nasa a kunne yake, don haka duk zauren ya ji.

"Maman Bethany, don Allah ki ja, ni in bi ki a hankali. Jibi kuma, in an zo fassara, zan yi nawa baitin in tsaya. Wannan ke za ki gaya musu."